Shekarar da Babanka Ya Kama Muciya

Zuwa ga ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da duk waɗanda aka haɗa ku zama a Kwantagora. Allah ya tsare min kai fita da shiga, ya kare ka daga sharrin hanya da na baƙon ruwa, ya sa ka gama bautar ƙasar nan lami lafiya. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙanwarka Safiya ma haka.

Direban da zai miƙa maka takardar nan, goronmu ya ɗauko, Sakkwato ya nufa. Ka ba shi ruwa ya sha, ka gaishe shi da ladabi, ya girme ka. Ka kuma yi haƙuri da rubutun, ka san bokon nawa na yaƙi da jahilci ne. Inda harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka.

Ranar da za ka tafi na so in ja ka gefe mu yi magana, ban samu ba. A gida mahaifiyarka ta tsare ka da nunin ƙulle-ƙullen da ta cusa a jaka. A tashar Ojoo kuma kwandasta yana ta dukan jikin mota, 'yan okada suna kutsawa tsakaninmu. Abin da na samu kawai shi ne kallon yadda ka rungumi rishon da ta saya maka, kamar an ba ka riƙon jaririn wani. Nan na ce a raina, wannan yaro jinina ne, sai na rubuta masa.

Kai ka tashi ka ga ina hura gawayi, ina ɗinke maɓallin rigata, wataƙila ka ɗauka da iyawar aka haife ni. Ba haka ba ne. Na haura shekara talatin ban taɓa tafasa ruwa ba. A Bichi tsohuwata ke zuba min. Da na zo Ibadan ina saurayi na sauka gidan maigidana a tsakiyar Sabo, kwano yana fitowa daga cikin gida safe da yamma, ban taɓa tambayar yadda aka yi ya cika ba. Daga nan sai aure. Haka mata suka yi ta miƙa ni hannu zuwa hannu, kamar huhun goro daga wannan mota zuwa waccan, ƙafata ba ta taɓa taka ɗakin girki ba.

Sai shekarar nan da ake layin madara da sabulu. Lokacin ka fara firamare, Safiya kuwa ko allo ba ta riƙe ba. Muna haya a gefen Sabo ta wajen Mokola, a gidan wata tsohuwa Bayarabiya mai sayar da amala a bakin titi, Iya Risika. Zazzaɓi ya kama mahaifiyarka. Muka ɗauka na sauro ne, na riƙa sayo mata ƙwaya a kanti, tana sha tana tashi tana ci gaba da suyar ƙosanta na sayarwa. Har ranar da ta dafe ciki ta kasa miƙewa. A asibiti suka ce taifod ce ta ci hanjinta, a ranar aka shiga da ita ɗakin aiki. Ka fara riƙe wannan tun kafin mu je ga na dariya: zazzaɓin da ya ƙi jin maganin kanti ba na zama a ɗaki ba ne. Ka kai shi asibiti da ƙafarka, kada ka jira a ɗauke ka.

Innarta, wadda ita kaɗai ce danginta a garin, ta tare a gefen gadonta. Ni kuma aka bar ni da ku biyu.

Da farko ba mu ji yunwa ba. Hajiya Gwamma, matar maigidana na dā, wadda na ci tuwonta shekara da shekaru, ta riƙa aiko mana da kwano. Amma lokacin wuya ne, na san gidanta cike yake da baki, sai kunya ta kama ni. Na aika a ce mata an gode, ta huta, ƙanwata tana hanya daga Bichi. Na kuwa aika wa ƙanwar tawa saƙo ta hannun direba, ashe ta haihu tana wankan jego, babu inda za ta. Na rufe ƙofar da take buɗe tun kafin in ga ko ɗayar za ta buɗu. Idan maƙwabci ya miƙo maka abinci a can, Kabiru, ka sa hannu biyu ka karɓa. Ka wanke kwanon kafin ka mayar, in da hali ka sa lemo ko goro a ciki. Mai kawo maka kwano yana jin daɗin ka karɓa fiye da yadda kake jin daɗin ci.

Na shiga ɗakin girki da ƙwarin gwiwata. A ganina abin da mace ke yi tana hira, da goyo a baya, ba zai gagari mutumin da ke loda mota ba. Na fara da risho. Na ɗaga lagwaninsa har ƙarshe, don a lissafina yawan wuta shi ne saurin girki. Wuta ta tashi ja wur, hayaƙi ya mai da tukunya baƙa ƙirin, ya haura ya shafa silin. Da na so kashewa sai na sunkuya na hura da baki kamar fitila. Wutar ta rama. Girata ta dama da gefen gemuna suka tafi, ɗakin ya ɗauki ƙaurin babbakar kan rago. Kana bakin ƙofa kana kallo, ba ka yi dariya ba, Allah ya yi maka albarka. Wutar risho shuɗiya ake so, mai natsuwa. In za ka kashe, ka sauke lagwani ƙasa ka ja fuskarka baya. Kada ka taɓa ƙara kananzir yana ci. Kuma yanzu da kananzir ke wuya, marasa tsoron Allah suna gauraya shi da fetur. Ka shinshina kafin ka saya. In hancinka bai yarda ba ka bar musu kayansu, gara ka jiƙa gari ka sha.

Washegari na ce tuwo zan yi muku, don in nuna muku gidan da sauran babba. Ban san ana fara yin talge ba, wato a dama gari kaɗan da ruwan sanyi a zuba ya dahu kafin a tuƙa. Ruwa na tafasa na juye garin gaba ɗaya. Na yi ta dambe da muciya har gumi ya jiƙe min riga, abin ya fito gudaji a kan gudaji, kowanne in ka fasa shi ɗanyen gari ne a ciki. Na ce ba komai, miya za ta rufe.

Mahaifiyarka tana da gwangwanayen madara jere a kan katako, kowanne da abin da ta adana, ko ɗaya babu alama. Ita ta san su kamar yadda ta san 'ya'yanta. Na buɗe har na samu garin ganye kore, na ce ga kuka. Na kaɗa shi da muciya a ruwan daddawa, ya ƙi yauƙi, na ƙara. Ya ƙi, na sake ƙarawa. Da na ajiye muku kwano ka sunkuya ka shaƙa, ka ɗago ka ce, "Baba, miyar nan ƙamshin biki take yi."

Na ce maka yaro ba ya surutu a kan abinci. Don in ba ku misali na naɗe hannun riga na yanko loma na tsoma ta sosai. Ɗacin ya kai min har ƙeya, amma na haɗiye, na sake yankowa, don kuna kallona. Safiya ce ta tofar ta fashe da kuka. Lalle na kaɗa muku.

Ku burodi da shayi kuka ci ranar. Ni kuwa na wayi gari da yatsu jajaye har gaɓa ta biyu. Na wanke da sabulu, na goga da toka, na murza a dutse, ko gezau. Haka na tafi rumfar goro da gira ɗaya da jan hannu. Na yi ta ɓoye shi a hannun riga, amma ba a zaɓen goro da hagu. Wani abokina ya gani ya kira sauran, suka taru suna tambayata ko aure zan ƙara ba a gayyace su ba, da wace irin amarya ce ta sa ango ya sha lalle haka. Sunan Ango ya bi ni har bayan launin ya goge, akwai tsofaffin da har yau da shi suke kirana. Saboda haka duk abin da za ka zuba a tukunya, ka shinshina, ka ɗanɗana a kan harshe. Kuma in abinci ya lalace ka ce ya lalace. Cin sa da ɗaure fuska ba ya gyara shi.

Iya Risika ce ta cece ku. Ta ƙwanƙwasa ƙofa da yamma, ta shigo ba ta jira izini ba. Ta dubi silin, ta dubi fuskata, ta dubi muciyar da ta koma ja. Hausarta ta kasuwa ce, amma ranar ta fita tsaf. Ta ce, "Baba Kabiru, pele, sannu. Ko gidana za ka ƙone, ko yaran nan za ka kashe. Zaɓi ɗaya, ba zan bari ka yi duka biyu ba."

Ta ce kullum in ta dawo daga kasuwa za ta nuna min abu guda. Na roƙe ta mu riƙa rufe ƙofa kada 'yan gidan su gani. Ta yi dariya ta ce duk gidan sun riga sun sani tun daga ƙauri, har na gidan baya sun aiko tambayar ko lafiya. Ta wangale ƙofar ta sa turmi ta tokare.

A wurinta na koyi cewa albasa ake fara sawa a mai, kuma manja sai an bar shi ya ɗan yi zafi warinsa ya fita. Na koyi cewa wake ya riga shinkafa shiga tukunya da nisa. Ta hana ni zuba gishiri daga gwangwani kai tsaye, ta ce in zuba a tafin hannu tukuna, domin wanda ya yi kaɗan ana ƙara shi, wanda ya yi yawa kuwa ya zauna ke nan. Ta hana ni ɗora tukunya in fita ƙofar gida sauraren rediyo da mutane. Wannan sai da na ƙona wake sau da yawa kafin ya shiga kaina. Kai ma na san halinka da kaset. In ka ɗora girki, ka ɗauko rediyon ka kawo shi kusa da tukunya, kada ka bar tukunya ka bi rediyo. Kuma ka wanke ta da ɗuminta. Tukunyar da ta kwana da ƙanzo sai ta ci maka rabin safiya, ga kyankyasai sun yi biki a ciki.

Ba sai ka iya girki iri-iri ba. Ka iya wake da shinkafa, ka iya miya guda ɗaya mai kyau, ka iya dafa doya. Wanda ya iya waɗannan ba zai yi aure don yunwa ba. In lokacin ya zo zai yi shi da idonsa a buɗe.

Wanki kuwa na ɗauka ba ya buƙatar malami. Inna ta ba ni zannuwan mahaifiyarka daga asibiti, cikinsu har da wani adire, rinin Yarabawa, sabo mai shuɗi. Na haɗa su a baho guda da farar babbar rigata ta Juma'a, na jiƙa, na tafi rumfa. Da na dawo rigar ta koma kamar sararin damina, nan shuɗi, nan fari, nan tsaka-tsaki. Na ce sitaci zai dawo da mutuncinta, na zuba mata da yawa. Da ta bushe sai ta tsaya da kanta a jikin bango kamar akwai mutum a ciki. Ba ni da wata, haka na sa ta na tafi masallaci ina ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Bayan an idar wani baƙo ɗan Zariya ya tare ni ya tambayi inda ake samun irin rinin. Na ce masa sai an yi odarsa.

Fari da fari ake wankewa. Sabon tufa mai launi shi kaɗai, har ka tabbatar ya daina zuba. Ka zazzage aljihu kafin ka jiƙa. In da dutsen gawayi za ka yi guga, ka busa tokar a waje, ka gwada zafinsa a tsumma tukuna. Ramin nan da ka daɗe kana yawo da shi a bayan wandon makaranta, wanda aka toshe da ƙyalle mai wani launi daban, ba ɓera ba ne kamar yadda na gaya maka. Ka kuma ajiye allura da zare fari da baƙi. Maɓalli ba ya tsinkewa sai ranar da kake sauri. Ka zura zaren ninki biyu, ka ƙulle ƙarshensa, kuma ka cire rigar daga jikinka kafin ka fara. Ni na taɓa ɗinke tawa da singileti, sai da almakashi aka raba su.

Akwai kuma kan Safiya. Kitson da uwarta ta yi mata ya tsufa ya cukurkuɗe. Na tsefe shi, na sa mataji a busasshen gashi na ja, yarinya ta yi ihun da ya fito da mutanen gida. Da na ga abin ya fi ƙarfina na yanke shawara irin ta maza, na kama hannunta muka nufi wurin wanzami a yi mata ƙwal kowa ya huta. A bakin ƙofa muka yi karo da Iya. Ta tambayi inda za mu, na faɗa mata. Sai ta zare hannun yarinyar daga nawa, ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta, ta shafa ruwa da man kaɗe, ta taje daga baki-baki tana hawa sama a hankali, ta yi mata shuku irin na Yarabawa. Ka ga, abin da ya cukurkuɗe ba daga tushe ake fizgarsa ba. Kuma kada ka yarda da shawarar da ta zo maka kana cikin gajiya da jin haushi, musamman in akwai aska a cikinta.

Duk wannan dariya ce yanzu. A lokacin ba dariya nake ba, domin mahaifiyarka ba ta samun sauƙi. Aikin ya yi kyau, likita ya ce ta fara shan abu mai ruwa-ruwa, amma ta ƙi. A kawo mata kokon asibiti ta kau da kai. A kawo shayi ta kurɓa sau ɗaya ta rufe ido. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ba a barin yara su shiga ɗakin, sai wata rana na zagaya da Safiya ta taga na ɗaga ta sama, na ce ko ganinta zai motsa ta. Ta juyo ta dube ta. Ka san mahaifiyarka, ko zare ta gani a rigarku sai ta yi magana. Ranar ta ga kitson da ba hannunta ba a kan 'yarta, ba ta ce uffan ba, ta mai da fuska bango. Na sauke Safiya muka koma gida.

Likitan ya kira ni gefe ya ce ƙarin ruwa ba zai riƙe ta har abada ba, in ba ta ci ba ɗinkin ba zai kama ba. Ya ce in nemo abin da ranta ke so. Inna ta ce ta ji ta sau ɗaya tana ambaton kunun tsamiya irin na gida.

Na koma wurin Iya. Ta ce ita ogi, kokon Yarabawa, ta sani, na tsamiya kuwa in nemi mutanena. Mutanena kuwa ba su wuce Hajiya Gwamma ba, wadda na mayar wa da kwano. Na daɗe a ƙofar gidan maigidana kafin in yi sallama. Na zauna a zaure, Hajiya Gwamma ta zo ta tsaya bayan labulen ƙofar cikin gida. Ta tambayi mai jiki, ta tambayi ku, sannan ta tambayi ko ƙanwar tawa ta iso lafiya. Na sunkuyar da kai na faɗa mata gaskiya. Sai ta ce, "Sule, ni na ciyar da kai kana ƙato ba ka ji kunya ba, sai yanzu da 'ya'yanka ke jin yunwa?"

Ta ce kwano zai ci gaba da zuwa, kuma in na sake mayarwa da kanta za ta kai ƙarata gun maigida. Kunu kuwa, ta ce za ta iya damawa, amma ita tsohuwa ce, ba kullum gwiwa ke barinta ta tashi ba, jinyar nan kuma doguwa ce, ko an sallami mai jiki za ta daɗe ba ta ɗaga tukunya ba. Gara in koya. Ta sa aka miƙo min jiƙaƙƙen gero a bokiti, da citta da kanumfari, ta ce in kai inji a markaɗo.

Tsakanin gidan da injin sai ka bi babban titin Sabo, ka wuce gaban masallaci, ga shi an fito la'asar. Na lulluɓe bokitin da hannun babbar riga na manna shi a ciki, na zama kamar mai juna biyu. A inji mata da 'yan mata suka dare suka ba ni wuri suna rufe baki da gyale. A dawowa ƙullun ya cika bokiti, in na ɓoye shi zai zube. Na tsaya na tuna fuskar da ta juya bango. Sai na saki rigar, na riƙe bokitin a fili na kama hanya. Abokin nan nawa mai tsokana yana zaune a benci, ya ɗaga murya ya ce, Ango, yau kuma aikatau aka koma? Na ce masa kunun matata ne, ba ta iya cin komai. Ya taso ya tambayi jikin nata, ya raka ni har ƙofa yana kore min 'yan kallo. Tun daga ranar ban sake ɓoye aikin gidana ba. Kunyar da nake ji, na gane, ni kaɗai nake ɗauke da ita. Mutane minti kaɗan suke kallo su koma harkarsu.

Aka tace, aka bar shi ya kwanta. Da safe aka fito min da risho zaure, Hajiya tana bayan labule tana ba da umarni kamar mai koyar da tuƙin mota. In jiƙa tsamiya in tace. In dama gasarar da ruwan tsamiyar, kada ta yi ruwa. In bar ruwa ya tafasa. Na ga ya fara motsi na juye, kunu ya tsinke ya zama ruwa tsululu. Ta ji ƙarar ludayi kawai ta gane. Ta ce ruwan da ke motsi daban, ruwan da ke tafasa daban, in jira sai ya yi ta juyi yana tsalle, in sheƙa shi a tashi ɗaya in rufe. Na sake. Da na buɗe murfin ya yi kauri, ƙamshin citta ya cika zauren. Na zuba a filas na tari tasi.

Inna ta tallafo ta, ta jingina ta da filo. Na zuba a kofi na miƙa cokali bakinta. Ta shaƙi tururin, ta buɗe ido. Ta karɓi na farko ta daɗe da shi a baki. Na miƙa na biyu ta karɓa. Sai ta ce, da wata murya ƙasa-ƙasa da na daɗe ban ji ba, "Tsamiyar ta yi yawa. Wa ya dama?"

Na ce ni ne.

Ta dube ni sosai, irin kallon da take yi wa ƙwaryar da aka ce mata an wanke. Ta ce, "Ina girarka?"

Inna ta fara dariya tana share hawaye da bakin zane. Ni kuwa na ci gaba da miƙa cokali, ita kuma tana karɓa, har kofin ya ƙare. Kafin in tafi ta ce gobe in rage tsamiya, kuma a gaya mata wanda ya yi wa 'yarta kitson Yarabawa. Na fito na zauna a dakalin asibitin na yi ta hamdala. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Daga nan kullum da safe ni ne da filas. Daga kunu ta koma fate, daga fate ta koma tuwo mai laushi, har aka sallame ta. Ta dawo ta tarar da silin baƙi, muciya ja, gwangwanayenta a hargitse, ta yi ta mita tana kwance, ni kuma ina tsakar gida ina tuƙi ina jin ta kamar ana min kiɗa. Da ta warke ta karɓi ɗakin girkinta, amma ban mayar da hannuna aljihu ba. In ta gaji ina tashi. Abokin nan nawa ma, da tasa matar ta kwanta bayan wasu shekaru, ya zo ya ja ni bayan rumfa ya tambaye ni cikin raɗa yadda ake hana kunu tsinkewa.

Abin da nake so ka ɗauka ke nan, Kabiru. Ba don ciki kaɗai nake so ka iya waɗannan abubuwa ba. Wata rana wanda kake ƙauna zai kwanta, ko mata, ko ɗa, ko abokin ɗakinka a can inda ba ku da kowa, kuma babu abin da za ka iya yi masa sai ɗan abu mai ɗumi a kofi da tufa mai tsabta. Ranar ba na so ka tsaya kana juya hannu kamar yadda na tsaya. Ka koya yanzu da kuskuren ba zai cuci kowa ba sai tukunya. Ka nemi tsohuwa a gidan da kake, ka gaishe ta kullum, ka ɗebo mata ruwa, ka tambaye ta abin da ba ka sani ba. In sun yi dariyar Hausarka mai haɗe da Yarabanci ka taya su, za su saba.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka share ɗakinka ko ba mai zuwa. Ka tafasa ruwan sha. Yaran da aka ba ka ka koyar kada ka yi musu tsawa in sun kasa, ka tuna babanka ma da gemunsa aka zaunar da shi a zaure.

In Allah ya kai mu hutun Salla, mun gama shawara da mahaifiyarka: ranar da ka huta gajiyar hanya kai ne da girkin gida. Ni da ita za mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida mu jira. Ta ce ba za ta sa maka baki ba. Ni da na san ta, na ce mu gani.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka a inda idonmu ba ya kaiwa, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya dawo mana da kai lafiya, da girarka duka biyu. Amin.

Mahaifinka,
Sulaiman
Sabo, Ibadan